Sunan Baba a Kan Kati

Tun bayan azahar muka baje tabarma a tsakar gida, ƙarƙashin mangwaro, muna haɗa katunan bikina. Ni ce mai shafa gam, Mama tana ƙulla siririn zare mai ruwan zuma a gefe, Baba kuwa shi ke yanka. Sai ya ɗora kwalin a kan katako, ya danne da rula, ya ja reza sau ɗaya, gefen ya fita sumul.

"Tunu, ki rage gam ɗin nan," ya ce ba tare da ya ɗago ba. "Kati za ki ba mutane, ba kunu ba."

"Kai ma ka rage sauri, Baba. Ba kifi kake yankawa ba."

Har Mama sai da ta yi dariya, abin da ta daɗe ba ta yi ba tun da aka sa ranar auren nan.

Gidan su Hemed, wanda zan aura, sun karɓe komai na bikin. Su suka zaɓi zauren taro, su suka zaɓi masu dafa biriyani, har rigar da zan sa daga Maskat aka aiko, ba wanda ya tambaye ni launin da nake so. Shi ya sa na kafe a kan kati. Na ce wannan kam da hannuna zan yi, a gidanmu na unguwar Ngamiani, ko da kuwa zai fito a karkace.

Bai kuwa fito a karkace ba. Kwali ne fari mai ɗan duhu, na manna busasshen furen yasmin a kusurwa, daga sama kuma da manyan baƙaƙe: Iyalan Mzee Salehe Shemsanga, da iyalan Mzee Nassor bin Khalfan, suna farin cikin gayyatarku. Sunan Baba ne a layin farko, na mahaifin Hemed a ƙarƙashinsa, kowanne da Mzee, laƙabin girmama dattijo.

Ba ƙaramin yaƙi aka sha ba kafin sunayen nan biyu su hau takarda ɗaya. Baba kuku ne a gidan su Hemed na Raskazone, unguwar masu kuɗi, tun yana saurayi da ya sauko daga duwatsun Lushoto, har gwiwa ta hana shi doguwar tsayuwa. Ni kuma, duk da ina koyarwa a makaranta, a wurinsu 'yar kuku ce. Mahaifiyar Hemed, Bi Nuru, ta yi kuka, ta yi rashin lafiya, ta kawo masa 'yar ƙanwarta daga Mombasa, Hemed ya ce shi sai Tunu. Daga ƙarshe mahaifinsa ya gaji ya ce a bar yaro.

Mama ma ba so take ba. Nata zaɓin Mbwana ne, ɗan aminiyarta mai tuƙa bajaji, keken haya mai ƙafa uku, wanda ya daɗe yana zuwa gaishe ta da ledar lemo alhali kowa ya san ba don ita yake zuwa ba. Shi ya aro mana firinta, ya ɗauko ta a kafaɗa, ya zauna ya buga katunan nan kaf. Yana ganin sunan Hemed na fitowa kusa da nawa, takarda bayan takarda. Da ya gama ya ce, "Allah ya sa alheri," ya fita ko shayi bai sha ba.

La'asar ta kusa muka ji tsayuwar mota a ƙofar gida.

Ƙamshin turaren oud ne ya riga ta shigowa. Shangazi Raya ce, wato Gwaggo Raya, yayar mahaifin Hemed, wadda ko shi Mzee Nassor ba ya ɗaga murya a gabanta. Ta tsaya a bakin tsakar gida tana riƙe da gefen baƙar abayarta kada ta taɓa ƙasa.

"Shikamoo, Shangazi," na gaishe ta ina durƙusawa.

"Marahaba," ta amsa.

Baba ya yunƙura ya miƙe da ƙyar, yana dafa bango. Tsohon da ke zaune cikin gidansa, a kan tabarmarsa, ya miƙe tsaye ya haɗa hannuwa a gaba.

"Sannu da zuwa, Bi Mkubwa. Ga kujera," ya ce, yana kiranta babbar uwargida kamar yadda ya saba.

"Bar shi, Salehe, ba zama zan yi ba."

Na ga muƙamuƙin Mama ya motsa. Duk unguwar nan ba mai kiran Baba da sunansa tsirara, ko sa'anninsa.

Shangazi ta sunkuya ta ɗauki kati ɗaya da 'yan yatsu biyu, ta ɗaga shi nesa da fuskarta.

"Wannan ne Shamsa ta ɗauki hotonsa ta watsa wa dangi a waya?"

Shamsa ƙanwar Hemed ce. Shekaranjiya ta biyo ta gani, ta yi ta ihun ya yi kyau, na ba ta ɗaya.

"Shi ne, Shangazi."

"Kina da hannu, ban hana ki ba. Amma tun jiya wayata ba ta huta ba. Daga tsibirin Unguja, daga Mombasa, har Maskat. Kowa tambaya ɗaya: Raya, wannan Salehen, ba shi ne mai kawo mana gahawa da halwa ba in mun zo? Me zan ce musu?"

"Ki ce musu shi ne," in ji Mama.

Ko kallonta Shangazi ba ta yi ba.

"Mun karɓi yarinya, mun rufe ido. Amma suna ba a wasa da shi. Sunan ƙanena ba zai zauna a ƙarƙashin sunan yaron gidanmu ba. Ba a ƙarƙashi ba, ba a gefe ba. A cire."

"Shangazi, mahaifina ne fa." Na miƙe tsaye. "Shi zai ba da aurena."

"Ya bayar a masallaci, wa ya hana? Can maza ne, minti kaɗan an gama. Kati kuwa ajiye shi ake, jikoki su gani." Sai ta juya wajen Baba, ta sassauta murya, kuma wannan sassaucin ya fi komai yi mini ciwo. "Salehe, kai mai hankali ne. Ka ci gishirin gidanmu. Kai ma ka san abin da ya dace."

Baba ya sunkuyar da kai.

"Na sani, Bi Mkubwa. Za a gyara."

Ta saki katin ya faɗi kan tabarma, ta juya ta fita.

Motar ba ta gama barin layinmu ba Mama ta fashe.

"Ka ji ko? Za a gyara! A gidanka, a gaban 'yarka, mace ta kira ka kamar mai kiran kaza, ka ce za a gyara!" Ta juyo kaina. "Ke kuma kin gani da idonki. Ban faɗa miki ba? Na ce miki mutanen nan ko kin haifa musu 'ya'ya goma ta ƙofar baya za ki riƙa shiga. Ga Mbwana, uwarsa ta ɗauke ki kamar ita ta haife ki, in ya shigo nan har ƙasa yake gaida ubanki. Kika ce ke sai ɗan Raskazone!"

"Mama, don Allah."

"Don Allah me? Ƙarya na yi?"

Ta shige ɗaki ta bugo ƙofa. Na zauna na kifa kaina a gwiwa ina kuka. Ban san tsawon lokacin da na ɗauka a haka ba, sai na ji wani ɗan sauti, ƙiiit, ƙiiit.

Na ɗago. Baba ne ya koma mazauninsa. Ya ɗora kati a kan katako, ya daidaita rula a ƙarƙashin layin farko, ya ja reza. Siririn kwali ya faɗi gefe, ɗauke da sunansa. Ya riga ya yi wa wasu, ga 'yan yankakkun nan a tare kusa da ƙafarsa.

"Baba! Me kake yi?"

"Kin ga sa'ar da aka yi, a sama yake. Ba sai an sake bugawa ba. Kati ya ɗan gajarta, ba mai ganewa."

Na riƙe hannunsa.

"Wallahi ba za ka ƙara yanka ko ɗaya ba."

"Tunu, saurare ni. Suna a takarda ba ya ƙara mini komai. Ni dai in ga kin shiga ɗakinki."

"Ɗakin da sai an yanke ka zan shiga?"

Na zare rezar daga hannunsa, na ɗauki waya na kira Hemed.

Kafin magariba ya iso. Ya tsaya a dakalin ƙofar gidanmu cikin farar kanzu, doguwar rigar maza, fuskarsa duk damuwa, kuma ina ganinsa zuciyata ta yi abin da ta saba, ta karaya. Ina son mutumin nan, wannan ba zan ɓoye ba.

"Na ji abin da ya faru," ya ce. "Wallahi ban san za ta zo ba. Ki yi haƙuri, Tunu. Kin san Shangazi, haka take da kowa."

"Ba da kowa take haka ba. Da mu take haka."

"To, na ji. Share hawayenki. Ba wanda zai taɓa katinki. Ki bar shi yadda kika yi, ki raba wa mutanenku, 'yan makarantarku, 'yan Lushoto, kowa. Da Shamsa ba ta yi wautar tura hoton nan ba, da ba wanda zai sani."

Na daina share fuska.

"Ba wanda zai san me?"

"Ina nufin... namu ɓangaren ai an riga an..."

"An riga an me, Hemed?"

Ya kalli titi, ya kalli takalminsa.

"Mama ce ta matsa. Ta ce danginmu sun saba da kati na kamfani, mai ruwan zinari. Na ga ba abin faɗa ba ne, sai na bari aka buga. An raba tun makon jiya."

"Tun makon jiya. Kana zuwa nan kana zama, kana taya ni zaɓen zare, kana cewa furen ya yi kyau."

"Ai ya yi kyau ɗin."

"Nuna mini."

"Tunu..."

"Yana motarka, na sani. Nuna mini."

Ya daɗe a tsaye kafin ya je ya ɗauko. Kati ne mai nauyi, cikin ambulan mai santsi. Na buɗe. Ga sunan mahaifinsa, ga na kakansa, ga na kakan kakansa. Ga Hemed bin Nassor bin Khalfan. A ƙasa kuma, da amaryarsa: Tunu.

Tunu kawai. Ba binti kowa, wato ba a ce 'yar wane ba.

Na karanta na sake karantawa. Kowa a garin nan ya san irin yarinyar da ake rubuta sunanta ba na uba.

"Ka san me wannan ke nufi?" na tambaye shi a hankali.

"Ba haka ake nufi ba."

"Ka san me tsofaffin Unguja za su ce in sun buɗe? Za su ce ɗan Nassor ya tsinto yarinyar da ba a san ubanta ba. Uwata da ke ɗakin nan, me ka mayar da ita? Kun gwammace a ce shegiya ce da a ce 'yar kuku ce!"

"Subhanallah, Tunu, daina faɗin haka!"

"Ni na faɗa? Kai ka buga!"

Ya zauna a dakali ya dafe kai. Da ya ɗago idanunsa sun yi ja.

"Kin san abin da na sha a kanki? Wata nawa uwata ba ta amsa gaisuwata? Na yi faɗa da kowa, na ɓata da kowa. Na gaji, Tunu. Da aka zo kan kati na ce wannan ƙaramin abu ne, bari in bar musu su ma su ji sun ci wani abu. In an ɗaura aure shi ke nan, mu tafi birnin Dar, ba mai sake sa mana baki."

"Baba fa? Shi ma Dar ɗin za mu kai shi? Ko a nan za mu bar shi yana haɗuwa da danginku a kasuwa?"

"Ina girmama shi, kin sani. A hannunsa na girma."

"To ga hanya." Na shiga ciki na ɗauko kati ɗaya cikin waɗanda reza ba ta taɓa ba, na miƙa masa. "Ka kai wa Shangazi wannan da hannunka. Ka ce mata wannan ne katin aurenka, wancan kuskure ne. Ka faɗa wa danginku a wayar da aka watsa hoton."

Ya kalli katin, bai miƙo hannu ba.

"Ki ba ni lokaci. Ba a yi wa Shangazi haka kai tsaye."

"Amma ana yi wa Baba."

Wayarsa ta yi ƙara. Na ga sunan a fuskar wayar, mahaifiyarsa ce. Ya kashe, ta sake kira. Aka fara kiran sallah a masallacin layinmu.

"Gobe zan dawo mu yi magana a natse," ya ce. "Don girman Allah kada ki yanke hukunci cikin fushi."

Ya tafi. Katin yana hannuna.

Washegari da na fito da safe ban ga Baba ba. Ba ya tsakar gida, ba ya dakali, sandarsa ma ba ta nan. Mama tana soya mandazi, irin fanken nan, ta ce daga masallaci bai dawo ba.

Sai ga Mbwana ya yi sallama, ya tsaya daga bakin ƙofa yana murza makullin bajajinsa.

"Shikamoo, Mama. Tunu, wurinki na zo. Babanki ya ce kada in faɗa, amma raina bai kwanta ba. Mzee ne ya tare ni bayan asuba ya ce in kai shi Raskazone. Ya sa kanzunsa ta Juma'a."

"Gidan su Hemed? Yin me?"

"Ya ce zai je ya ba da haƙuri."

Mama ta saki matsamin cikin mai. Ni ko mayafi ban tsaya zaɓa ba, na ja zanen kanga da ke kan igiya na yafa.

Na shiga bajajin Mbwana muka kama hanya. Sai da muka hango teku ya ce, ba tare da ya waiwayo ba, "Ban zo don in ɓata miki aure ba."

"Na sani."

Babbar ƙofar gidan a buɗe take, amma na san ba ta nan Baba ya bi ba. Na zaga ta lungu. Yana nan tsaye a ƙofar kicin, a kan ƙafafun nan masu ciwo, hularsa a hannu. Bi Nuru tana daga ciki zaune a kujera da kofin shayi, Shangazi Raya na gefenta. Ba wanda ya ce masa ya zauna.

"...yarinta ce kawai, Bi Mkubwa," yake cewa. "Ni zan yi mata magana. Katin duk zan gyara. In ma kun fi so, ranar walima ba sai na shigo zaure ba, sai in tsaya wajen masu girki in duba musu tukwane. Kada dai a fasa saboda ni."

"Baba."

Ya juyo a firgice. "Tunu! Wa ya kawo ki?"

Na karɓi hular daga hannunsa na ɗora masa a ka. Ban gaida kowa ba, karo na farko a rayuwata.

"Ka ga irin tarbiyyar ko, Salehe?" in ji Bi Nuru.

"Sunansa Mzee Salehe Shemsanga," na ce, hawaye na zuba. "Shi ya haife ni, da aure, da shaidu. Ya ciyar da gidan nan tun ba a haifi ɗanku ba. Ku riƙe katinku, ku nemi wadda za ta dace da shi. Zo mu tafi, Baba."

"Tunu, ki rufa mini asiri..."

Na kama hannunsa. Maimakon lungu, sai na ja shi muka ratsa kicin, muka bi ta falo, a kan shimfiɗun da ya yi shekaru yana cire takalmi kafin ya taka, muka fita ta babbar ƙofa. Yana ta jan baya yana cewa, "Ba ta nan ba, ba ta nan ba," ban sake shi ba.

Mun shiga bajaji ke nan Mbwana ya tayar, sai na ji ana ƙwala kiran sunana. Hemed ne ya fito a guje, ba takalmi, rigar barci a jikinsa.

Mbwana ya dube ni ta madubi. "In tsaya?"

"Tsaya, ɗana," in ji Baba.

"Tafi," na ce.

Mbwana ya kashe injin. "Ki gafarce ni, Tunu. Ba na so gobe a ce ni na gudu da ke."

Hemed ya iso yana haki, ya riƙe ƙarfen bajajin.

"Kada ki yi mini haka. Tunu, dube ni. Wallahi ba zan iya rayuwa ba ke ba."

"To shigo," na ce, na matsa na ba shi wuri. "Shigo mu je gidanmu. Akwai sauran katunan da ba a yanka ba, mu zauna mu ƙarasa, mu fita tare mu raba. Yanzu, a haka, ba takalmi."

Ya ɗora ƙafa ɗaya a kan matakin.

"Hemed!" Bi Nuru ce a bakin babbar ƙofa, Shangazi a bayanta. Ba ta ɗaga murya sosai ba. "In ka shiga abin nan, ka nemi wata uwar."

Ya tsaya a haka, ƙafa ɗaya a sama, ɗaya a ƙasa. Ya kalle ni, hawaye na bin kuncinsa. Na jira. Allah ya sani na jira, har da addu'a a cikin raina.

A hankali ya sauke ƙafar.

"Zan zo da yamma," ya ce, muryarsa can ƙasa. "Bari in lallashe ta tukuna."

Mbwana ya tayar da injin, wannan karon bai tambayi kowa ba.

Muka yi nisa. Idona ya bushe ƙam, ina kallon teku yana wucewa. Baba kuwa ya juya yana leƙen baya ta ɗan tagar leda, har gidan ya ɓace. Sannan ya gyara zama ya yi ajiyar zuciya.

"Yaron nan ya rame," ya ce. "Sabon kukun nasu ba ya dafa masa abin da yake so."

Sai a lokacin kukan ya ƙwace mini.